Ikodiya, Telar 'Yan Tsawa

Bango ɗaya ne ya raba shagona da na Ikodiya a titin Ngwa, cikin garin Aba, kuma bangon na katako ne. Fiye da shekara hamsin ina sayar da zare da maɓalli da zik, ita tana ɗinki, don haka babu faifan da ta taɓa ɗorawa wanda bai ratso ya same ni ba. Idan ka tambayi yaran layinmu wace ce Daa Ikodiya, don Daa muke kiran macen da ta manyanta, za su ce maka tsohuwar nan ce mai ɗinka kayan makaranta, wadda kiɗan shagonta ke sa kare gudu. Gaskiya suka faɗa, sai dai abin da suka sani kaɗan ne.

Shekarar da yaƙin basasa ya ƙare muka san juna. Ta zo daga Abiriba ita da mahaifiyarta, da keken ɗinki na hannu wanda suka naɗe cikin buhu suka binne a bayan ɗaki har aka daina harbi. Shekararta goma sha tara, siririya, magana ba ta dame ta ba. Uwar tana cikin mawaƙan coci, ita kuwa 'yar ba ta san wata waƙa ba bayan ta coci, sai ɗan hailaif da ake sakawa a rediyo.

Wata Lahadi a shekarar 1972, bayan an taso daga coci, ta ce in raka ta ta kai labulen da ta ɗinka wa wani mai otal a bayan tashar mota. A zamanin, samari masu jita sukan yi wasa a otal-otal daga ƙarfe biyu na rana zuwa shida, domin 'yan makaranta da masu koyon sana'a su taka rawa su koma gida kafin iyaye su fara cigiya. Tun daga bakin ƙofa na ji kiɗan a ƙirjina kafin in ji shi a kunne. Samari biyar ne a kan dandamalin da aka haɗa da akwatunan lemo, gashin kowa ya tashi kamar an kifa kwando, lasifikarsu ɗaure da igiyar shanya. Sunansu Egbe Igwe, wato tsawa, kuma 'Yan Tsawa kowa ke ce musu. Kiɗan rok suke yi, irin wanda samari suka ɗauko daga faya-fayan Ingila da Amurka suka zuba masa gangar gida.

Ni toshe kunne na yi. Ikodiya kuwa ta tsaya cak da ƙullin labule a ka, har aka yi waƙa uku ba ta sauke ba.

"Ahunna," ta ce da ni, "kin ji abin da dogon can yake yi da jita? Dukanta yake tana ramawa."

Na ce na ji, mu miƙa labule mu tafi.

"Bari tukuna. Amma don Allah wa ya ɗinka musu waɗannan wandunan?"

Da suka tsaya shan ruwa, yarinyar nan da ko ciniki kunyar yi take sai ta ratsa mutane ta je gaban mawaƙinsu, wani kakkaura mai wushirya da ake kira Egwuatu.

"Dee," ta ce, yadda muke kiran namijin da ya girme mu, "kiɗanku ya fi ƙarfin kayan jikinku."

Ya dube ta, ya dubi wandonsa da ya tsaya masa a ƙwauri. "Ƙanwata, na yayana ne, aro ya ba ni."

"To ka mayar masa. Ku zo shagona ran Talata."

Suka zo su biyar, babu mai ko ƙyalle a hannu. Ta ɗauko ragowar yadin labulen nan mai manyan furanni, ta yanka musu riguna masu ƙatuwar kwala. Ranar da suka hau dandamali da su sai suka saje da tagogin otal ɗin, har mai otal ya je ya taɓa labulensa ya tabbatar suna nan. Amma ba a yi sati biyu ba samarin Aba suka fara layi a shagonta, kowa na cewa a yi masa irin ta 'Yan Tsawa.

Daga nan ba ta sake fashin wasansu ba. Ta san kowace waƙa tun kafin a gama tsara ta, don a bayan shagonta suke zama su yi gardamar baiti. Ta san Nnanta, dogon nan mai jita, idan ya tsinka tsirkiya to ransa a ɓace yake. Ta san Ekeledo mai ganga idan yunwa ta kama shi gudu yake da kiɗa har sauran su kasa cim masa, saboda haka kullum da gasasshiyar doya da manja take zuwa wurin wasa.

A tsallaken titi kuwa akwai wani mai gyaran rediyo, Ukaegbu, wanda shi kuma ya mutu a kan wata ƙungiya da ake kira Ugo Asaa, wato Mikiya Bakwai. Su shida ne, kuma har yau babu wanda ya san inda ta bakwan ta tashi ta tafi. Muryoyinsu zaƙi gare su, waƙoƙinsu duk na soyayya. Kullum da safe Ukaegbu zai fito da lasifika ya juya bakinta saitin shagon Ikodiya ya saki faifansu. Ta yi haƙuri na wata guda, sannan ta ajiye almakashi ta tsallaka.

"Mai rediyo, wa ya rasu a gidanku?"

"Ba kowa, 'yar uwa. Kiɗa ne. Na san ba ki saba jinsa ba."

"Wannan ai kukan jarirai ne da aka hana nono."

"Naku fa? Na taɓa jinsu, na zaci kwanon rufi ne iska ke yayewa. Dogon naku mai jita wurina yake zuwa aron faya-fayan Turawa, duk abin da kike jin yana yi sata ce."

"Idan ɓarawo ya saci akuya ya mai da ita saniya, ai sai a gaishe shi."

Haka suka shekara biyu. Su yi musu a kan ko makaɗan Ingila sun fi na Amurka, su yi musu a kan ko waƙa tana buƙatar molon lantarki mai kuka ko murya ce gaba. Shi ya ce kiɗan da ba za ka iya rera wa budurwarka ba ba kiɗa ba ne. Ita ta ce kiɗan da bai tashe ka daga kujera ba maganin barci ne. Na lura dai duk ranar da bai buɗe shago ba, sai ta yi ta ɗaga kai tana duban ƙofarsa, ɗinki na karkacewa.

A watan Disamba na 1974 'Yan Tsawa suka shirya zagayen garuruwa: Umuahia, Owerri, Onitsha, sannan Inugu. Ikodiya ta ce sai ta bi su. Mahaifiyarta ta ce sai dai bayan ranta. Aka yi kwana uku ana ja, daga bisani tsohuwar ta sa sharaɗi biyu: in tafi tare da ita, kuma duk garin da muka sauka a gidan dangi za mu kwana. Wannan bai yi wuya ba, don babu kasuwar da ba za ka sami mutumin Abiriba ba. Muka hau bayan babbar mota mai bodin katako, mu da ganguna da lasifika da keken ɗinkinta, wanda ta rungume kamar jariri duk ramin da muka faɗa.

A Umuahia lafiya lau. A Owerri kuwa, a wani gidan silima da aka cika maƙil tun azahar, ana cikin waƙa ta biyu sai akwatin da ke ƙara wa jita ƙarfi ya yi tari ya fitar da hayaƙi. Wuri ya yi tsit. Sai aka fara buga kujeru. Egwuatu ya riƙa ba da labarin ban dariya don ya sayi lokaci, gumi na zuba, Nnanta ya durƙusa yana hura akwatin da baki kamar mai hura wuta. Ana cikin haka sai ga mutum ya taso daga layin baya da 'yar jakar kayan aiki a hammata. Ukaegbu ne.

Ikodiya ta riƙe baki. "Me ya kawo ka Owerri?"

"Na zo in ga yadda za su ji kunya a garin mutane."

"Shi ne ka taho da sukundireba?"

Ya kwance bayan akwatin, ya ciro wani abu da ya ƙone, ya maye shi da wanda ya cire daga 'yar rediyon aljihunsa. Minti ashirin jita ta dawo da kukanta. Da Egwuatu ya zo yi masa godiya sai ya ce, "Ba don ku na yi ba. Ba na so a ce babu mai gyara a Aba."

Washegari da shi motar ta tashi. Tun daga Owerri har Onitsha yana gaya wa makaɗan inda suka yi kuskure, su kuma suna ba shi mazauni mafi kyau don kar ya sauka. A hanyar Inugu muka tsaya wata mahaɗa muka sayi okpa, wato alalar gurjiya, mai zafi a ganye. Yana cikin ɓare nasa, ba tare da ya ɗaga kai ba, ya ce, "Ikodiya, idan mun koma zan turo kawunnaina da bammi gidanku."

Ta gama tauna abin da ke bakinta. "Wa zai yi kiɗa ranar biki?"

"Mikiya mana."

"To ka auri ɗaya daga cikinsu."

Kawunnan sun zo, an sha bammi, an fasa goro, an gama komai lafiya, sai maganar kiɗa ta tsaya wa kowa a wuya. A ƙarshe mahaifiyarta ta raba gardama, ta ce mawaƙan coci ne za su yi, wanda bai so ba ya zauna gida. Haka aka yi. Sai dai da aka fito filin cin abinci muka tarar 'Yan Tsawa sun kafa kayansu a gindin mangwaro, Mikiya Bakwai sun kafa nasu a gindin kwakwa, babu wanda ya gayyace su. Suka riƙa karɓa-karɓa har rana ta faɗi. Tsohuwar da ta hana, da idona na ga ta ɗaure zani tana juyi a gaban Ekeledo mai ganga.

Shekara biyu bayan haka 'Yan Tsawa suka je Legas suka yi faifansu na farko. Ranar da aka ce zai iso Aba, Ikodiya na da cikin wata takwas, amma tun ƙarfe bakwai na safe tana ƙofar shagon faya-fayai a kan kujerar da ta taho da ita. Ita ta fara karɓa. A bangon faifan ga samarin nan biyar sun jingina da tsohuwar mota, kowa sanye da aikin hannunta. Ta juya baya, can ƙasa wajen godiya, sai ga sunanta: Mista Ikodiya, tela. Mai buga bangon a Legas bai taɓa jin sunan ba, ya ɗauka namiji ne. Ta yi fushi na rabin yini. Ukaegbu kuwa ya samu abin yi, tun daga ranar har yau Mista yake kiranta, har jikokinsu wasu sun zaci sunanta ke nan.

Faifan ya karɓu. Duk motar haya da ka shiga, duk shagon aski, shi ne. Amma da na biyu ya fito, ta saurare shi sau biyu ta mayar cikin bangonsa, ta aika a kira mata Egwuatu.

"Dee, zauna. Waƙa takwas, shida na kuka. Ina jitar Nnanta?"

"Mutanen kamfani ne suka ce a sassauta, wai 'yan mata sun fi son mai sanyi."

"Ni namiji ce? Kun je Legas kun dawo Mikiya."

Ukaegbu na daga ƙofa yana cin gyaɗa. "Ni dai a ganina wannan ne karo na farko da suka yi kiɗa."

"Ka ji ko?" ta ce da Egwuatu. "Tunda ya yaba, ka san kun lalace."

A faifai na uku jita ta dawo, kuma shi ne wanda ta fi so har gobe, sai dai bai sayu ba. Zamani ya juya, disko ya shigo, masu otal suka gane mutum ɗaya da faya-fayai ya fi musu sauƙi a kan makaɗa biyar masu ci. Wasan 'Yan Tsawa na ƙarshe a 1981 mu arba'in ne a wurin, har da masu sayar da lemo. Egwuatu ya shiga aikin coci har ya zama fasto. Nnanta ya buɗe rumfar kayan gyaran mota. Ekeledo ya koma Fatakwal tuƙin tasi. Sauran biyun, ɗaya ya tafi Kamaru, ɗaya ya rasu. Ikodiya ta yi sati guda ba ta kunna komai ba, kuma a satin nan Ukaegbu bai fito da lasifikarsa ba ko sau ɗaya. Mikiya ma ba su kai ƙarshen shekarar ba.

Ta koma ɗinkin kayan makaranta da na mawaƙan coci, ta haifi huɗu ta aurar. Faya-fayan ta jera su a ƙasan akwatin ƙarfe, ƙarƙashin zannuwanta na fita biki, inda ko 'ya'yanta ba sa kai hannu. Mijin kuma ya riƙe garmahonta da rai shekara talatin. Idan robar da ke juya shi ta tsinke ya yanko daga tsohuwar tayar keke, idan allura ta ƙare ya bi tsofaffin abokan sana'a har Onitsha. Yana gyarawa yana mita, wai yana ɓata basirarsa a kan hayaniya. 'Ya'yan suna jin kunya idan abokansu sun zo, su ce Mama don Allah a rage. Sai ta ce musu da wannan kiɗan aka yi cikinsu, su yi mata shiru.

A shekarar 2011 wani Bature ya sauka daga keke napep a ƙofar shagona, ja wur da zafi, yana tambayar inda zai sami faya-fayan da. Sunansa Dietmar, daga Jamus. Ya ce duk wanda ya tambaya a kasuwa sai ya ce masa ya nemi Mista Ikodiya. Na nuna masa ita tana yanka wandon firamare.

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ka san 'Yan Tsawa?"

Ya ce yana da faifansu na farko, wani ya sayar masa a Kwatano, kuma shekara shida yana neman na uku.

"A na farkon, wace waƙa ce sandar mai ganga ta faɗi?"

Ya yi murmushi. Ya ce ta huɗu, wajen ƙarshe, ana jin ƙarar faɗuwarta, sannan wani ya yi dariya.

"Ni ce na yi dariyar," in ji ta, ko da yake ni na san ba ta je Legas ba. "Ahunna, kawo masa kujera."

Ya so ta sayar masa, ta ce ba na sayarwa ba ne. Ya ce to ta ba shi aro ya kai Jamus a kwafa a dawo da shi, ta ce faifan bai taɓa kwana a waje ba, ba kuma zai fara da tsufansa ba. Abin da ta yarda da shi shi ne ya kawo na'urarsa falonta. Ya yi kwana uku yana zuwa, yana cin tuwon rogo da miyar shuwaka yana hawaye saboda barkono. Ta kuma sa shi ya je ya sami makaɗan da suka rage ɗaya bayan ɗaya ya nemi izininsu a rubuce. Ukaegbu ne ke juya faifan, kuma duk lokacin da matar ta shiga kicin sai ya zaro na Mikiya daga ƙarƙashin kujera ya ce, "Oga, saurari wannan ka ji kiɗan gaske." Baturen ya tafi da kwafin duka biyun.

Bayan shekara ɗaya da rabi aka aiko da sabon bugu, fes, da hotuna a ciki. Ɗanta na Legas ya bugo waya ya ce ya ga yara a ƙasashen da bai san sunansu ba suna yabon jitar Nnanta. Ikodiya ta saurara, ta ajiye waya, ta ce da ni, "Mutanen waje na rawa da abinmu, mu muna zaune. Rufe shago ki raka ni."

Cocin Egwuatu muka fara zuwa. Ya yi ƙiba, wushiryar dai na nan. Ya ji abin da ya kawo mu, wato 'Yan Tsawa su sake haɗuwa su yi wasa, ya girgiza kai.

"Daa, na bar wannan rayuwar. Me mabiyana za su ce?"

"Fasto, wanda ya ba ka murya a 72 daban ne da wanda kake wa aiki yanzu?"

"Ba haka ba ne."

"Rabin dattawan cocinka a wasanku suka sami matan aure. Ka tambaye su."

Ya yi dariya har ya share ido. Ya ce zai yi, amma da rana, babu giya, kuma akwai baiti ɗaya a waƙa ta biyu da ba zai iya maimaitawa a gaban matarsa ba. Ta ce ya yi tari idan an zo wurin.

Nnanta ne ya ba mu wuya. Shekara talatin bai taɓa jita ba, tasa ma ya ba wani ɗan'uwa tuntuni. Ya nuna mana yatsunsa da baƙin mai ya cinye ya ce sun mutu. Washegari Ikodiya ta aro jita a wurin makaɗan coci ta kai rumfarsa ta jingina ta da tulin tayoyi, ta yi tafiyarta. Kwana huɗu bayan nan maƙwabcinsa ya zo sayen zik a wurina yana ƙorafi, wai tsohon ya haukace, masu saye na tsaye yana can yana sa tsirkiya kuka. Ekeledo kuwa ko gama bayani ba a yi ba ya ce yaushe, kuma za a ba da abinci?

Aka sami samari biyu daga cocin suka cike gurbin waɗanda babu. An yi wasan wata Asabar da rana a babban ɗakin taro na wata makaranta. Na zaci mutum ɗari za su zo. Sai ga tsofaffi daga Umuahia, daga Owerri, wasu da sanda, wasu jikoki na riƙe da su, wani ma ya tono rigarsa mai ƙatuwar kwala wadda maɓalli ɗaya kawai ya yarda ya rufu. Da Nnanta ya ja tsirkiyar farko, wata mata da aka shigo da ita a keken guragu ta ce a matsar da ita gaba. Fasto ya yi tarinsa a waƙa ta biyu, ɗakin gaba ɗaya ya rera masa baitin, matarsa na layin gaba ta rufe fuska da gyale tana dariya. Ukaegbu na wajen na'urori ya haɗe rai, amma ƙafarsa ta ci amanarsa tun waƙar farko.

A hanyar gida na tambayi Ikodiya yadda ta ji. Muryarta ta dushe, da ƙyar take magana.

"Waƙa ta uku sun ja ta da yawa. Gobe zan gaya musu."

Shekarar da ta biyo baya Dietmar ya aiko musu da gayyata zuwa wani taron makaɗa a Jamus, ya ce kuma a taho da Daa. Ba ta taɓa wuce Inugu ba, amma ta je ta yi fasfo tana da shekara sittin da uku. Ukaegbu ya ce shi ba zai shiga jirgi don hayaniya ba, sai da aka gaya masa faifan Mikiya ma za a sayar a wurin, sannan ya nemi a ɗinka masa kwat. Suka yi kwana tara.

Ranar da suka dawo layinmu ya cika, kowa na son labari. Ta zauna a bakin shago ta cire takalmi. Ta ce ƙasar sanyi kamar cikin firij, abincinsu babu barkono, burodinsu sai ka yi da gaske. Ta ce mutum ya fi dubu biyu a filin, yara ƙanana sa'o'in jikokinta, kuma ba su iya rawa ba ko kaɗan, kai kawai suke kaɗawa kamar ƙadangaru.

"Amma Ahunna, sun san waƙoƙin. Da Igbo, baiti bayan baiti, ba su san me suke cewa ba. Wata yarinya mai koren gashi tana gefena tana rera baitin nan na Fasto da iya ƙarfinta. Na ce a raina, 'yar nan, da kin san abin da kike faɗa."

"Kin gaya mata?"

"Na gaya mata mana. Ta ƙara murya."

Ukaegbu ya ce shi abin da ya gani, faifan Mikiya ya riga na Tsawa ƙarewa a teburin sayarwa. Ta ce ai guda goma kacal aka kawo, kuma uku shi ya saya. Suka ɗora daga nan, mutane na dariya suna watsewa. Ni kuwa ta miƙo mini tsarabata a leda: safar ulu mai kauri har gwiwa, wadda babu ranar da za a iya sa ta a Aba. Na gode mata, na sa a akwati.